A kawo makaɗa cikin makarantu ko kar a kawo?

Malamin Hausa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in kawo ta nan tunda akwai iyaye akwai malamai. A manhajar Hausa ta babbar sakandare akwai sashen adabin baka, a ciki muna koyar da makaɗa da rabe-rabensu, makaɗan fada, makaɗan jama'a, makaɗan sana'a, makaɗan maza, sannan kayan kiɗa da na busa. WAEC na tambaya, NECO na tambaya, JAMB ma haka. Yaro zai haddace maka cewa Shata kalangu ake kaɗa masa, Ɗanƙwairo kotso, Haruna Uji gurmi, Garba Supa kukuma, Ɗan Maraya kuntigi, Barmani Coge ƙwarya, ya rubuta ya ci makinsa, amma ka ajiye masa kotso da taushi a gabansa ka ce nuna min wanne ne wanne, wallahi sai ya tsaya yana kallonka. Da yawansu ba su taɓa jin ƙarar fata da kunnensu ba sai ta sifika. Shi ne nake cewa me zai hana makarantu su riƙa gayyato makaɗa da kayansu, su shigo aji ko filin asambuli su kaɗa, yara su gani su taɓa su yi tambaya, ko da sau ɗaya ne a zango? Me kuka gani?

Maman Iman: Wslm malam. Ni dai gsky ban goyi baya ba. Yaran da muke fama dasu akan waya, kullum suna TikTok suna kwaikwayon rawa, ka kwace wayar su koma ta makota, shine kuma makarantar da muka kaisu dan su nutsu zata dauko musu makadi har cikin aji? Haba malam. Ku koya musu a littafi ya isa, ai ba makada muka kaisu su zama ba

Baban Sadiq: Maman Iman kin riga ni. Mu nan an taba yi mana a makarantar kudin da yarana suke, akace ranar al'adu, muka biya kudin anko muka je, ashe dije aka dauko da manyan sifiku, aka sako wakokin biki yan mata yan aji hudu aji biyar suna cashewa a tsakiyar fili iyaye na liki, wasu na dauka a waya, kafin magariba bidiyon ya zaga unguwa. Tun daga ranar in naji ance kida a makaranta gabana faduwa yake wlh

Malamin Hausa: Baban Sadiq wannan da ka faɗa ni ma ina ƙinsa, kuma shi ne ma ya sa na kawo maganar. Abin da aka yi muku biki ne aka yi a harabar makaranta, babu darasi a ciki ko ɗaya. Dije ba ya kaɗa komai, maɓalli yake dannawa. Ni abin da nake nufi mutum ya zo da kalangunsa ya zauna, malami na tsaye, yara na zaune da littafinsu, ya nuna musu icen, ya nuna musu fatar, ya nuna yadda ake matsa igiyoyin a hammata murya ta hau a saki ta sauka. Babu rawa babu liƙi.

Jikan Makaɗa: Salamu alaikum. Malam Allah shi saka da alheri da ka tada wagga magana. Ni ɗan gidan kiɗi na, daga Zamfara, kakana makaɗin noma na, babana shi ma ya yi, ni ko boko anka sa ni amma hannuna bai mance ba. Bari in gaya muku abin da yaro ka iya samu in anka yi abin bisa tsari.

Kalangu magana shikai. Hausa tana da hawa da saukar murya, to kalangu shina bin wanga hawa da sauka, shi ya sa in anka kaɗa taken mutum ko shina bayan gari ya san da shi akai. Mahauta sun san nasu, manoma sun san nasu wurin gayya, 'yan dambe kowa da nashi. To ka ɗauki wanga ka kai aji. Makaɗi shi tambayi yara uku sunansu, shi juya shi kaɗa guda, shi ce wa na kira? Wallahi malam ajin nan sai ka riƙe su, kowa na son a kaɗa nashi. Daga nan sai a raba su, wanga gefe 'yan amshi, a ba su gindin waƙa, wato baitin da ake ta maimaitawa, su riƙe, jagora shi riƙa kawo ɗiyan waƙa, wato sauran baitocin, suna karɓa, kuma waƙar ta noma ta, ko ta neman ilimi, ko ta girmama uwaye, ba wadda za a ji kunya ba. Yaron da ya yi amshi da bakinai sau guda ba shi ƙara mance mi an nan gindin waƙa, ko an tashe shi daga kwana.

Kuma Maman Iman ki yi haƙuri, ɗiyan nan da kike tsoron su ji kiɗi, suna jin shi dare da rana, sai dai wanda suka ji ba wanda ya zaɓa musu shi. Ni gani nikai gara su ji na gaban malami.

Maman Iman: Toh ai naji, amma kai ma kasan makada da roko da zambo da habaici, wasu ma har batsa. Wa zai tsaya ya tace abinda zai fito daga bakin mutum in ya dau zafi?

Jikan Makaɗa: Gaskiya ta hajiya, akwai su. Ba kowane makaɗi za a kai gaban yara ba, kamar yadda ba kowane mai magana za a ba lasifika ranar bada kyaututtuka ba. Hedimasta shi zauna da mutum tun kahin ranar, a ji waƙoƙin da za shi yi, a ce wagga e wagga a'a. Dattawan makaɗa sun san gaban sarki sun san gaban yara, ba su buƙatar a faɗa musu sau biyu.

Ustazu: Wa alaikumus salam. Na bi maganar tun daga sama, kuma ina ganin akwai ɓangaren da ake tsallakewa. Mafi yawan iyayen yaran nan Musulmi ne, kuma maganar kayan kiɗa ba ƙaramar magana ba ce a wurin malamai. Akwai hadisi a Bukhari da ya ambaci mutanen da za su zo suna halatta kayan kiɗa, a jere da zina da alhariri da giya, kuma a kansa jamhurin malamai suka tafi a kan hani. An yi rangwame a duffi ranar idi da ranar aure, saboda hadisin Nana A'isha na 'yan mata biyu da suke waƙa a ɗakinta ranar idi, Sayyidina Abubakar ya tsawata musu Annabi SAW ya ce ya ƙyale su. Na san akwai waɗanda suka sassauta irin su Ibn Hazm da Imam Gazali, ba zan ɓoye wannan ba. Amma abin da malamai suka yi saɓani a kansa bai kamata makaranta ta tilasta wa ɗan kowa ba. Uban da ya ce shi ɗansa ba zai zauna ba, a ƙyale shi, kar a rage masa maki kar a yi masa gori.

Anti Malama: Ustazu Allah ya ƙara ilimi, maganarka ta ƙarshe na yarda da ita ɗari bisa ɗari, babu tilas. Amma ina so mu tuna cewa rerawa ita ce hanyar koyarwarmu tun asali. Nana Asma'u 'yar Shehu da waƙa ta karantar da matan karkara, ta ba jajis, wato matan da ta naɗa jagorori, su haddace su je su koya wa 'yan taru, matan da ke taruwa ɗaukar karatu. Islamiyyoyinmu yau da rerawa yara ke haddace siffofin Allah da farillan alwala. Ni firamare nake koyarwa, aji biyu, abin da na rera musu shi ke zama, abin da na rubuta a allo kawai zuwa gobe ya tashi. To ko an cire ganga gaba ɗaya, a kawo mai waƙar baka ko sha'iri ya rera da muryarsa yara su ji yadda ake ɗora kalma a kan kari, su ma su gwada. Yara nawa ne suke da murya da basirar tsara baiti amma babu wanda ya taɓa ce musu wannan abin kirki ne?

Ustazu: Wannan babu laifi Malama, waƙa zance ce, mai kyanta mai kyau ne mummunanta mummuna ne. Inda na tsaya shi ne kayan kiɗan.

Ɗan Damagaram: Sallama gare ku 'yan uwa na Najeriya. Bari in kawo muku abin da ya faru wajenmu don ku ga inda abin ke zuwa in an bar shi. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa da ake kira CFPM Taya, an buɗe ta a 1989, a ciki har da ɗakin da aka tara kayan kiɗan gargajiya na ƙabilun Nijar. Malam Mamman Barka, Allah ya jiƙan shi, ya rasu a 2018, shi asalinsa mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, yana koyarwa yana kaɗa gurmi, har ƙasa duka ta san shi. Daga baya ya tashi ya tafi bakin tafkin Chadi wajen Buduma masunta don ya koyi biram, wani abin kiɗa mai tsarkiya biyar da siffar jirgin ruwa, saboda tsoho ɗaya ne ya rage da ya iya shi, samari duk sun watsar. Da bai je ba da shi ke nan, sai dai a gan shi rataye a gidan tarihi. Yanzu ku duba ku gani, a garinku mutum nawa suka rage masu kaɗa kotso ko jauje ko masu busa farai, kuma shekarunsu nawa? Mu ma nan muna da gasar Dan Gurmu a Tawa, amma gasa ta manya ce da suka riga suka iya, yaro ƙarami a lakwal ne za a kama shi.

Malamin Hausa: Ɗan Damagaram ka taɓo inda ke mini ciwo. Shata ya rasu 1999, Barmani 2013, Ɗan Maraya 2015. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, ana rubuta kundin digiri a kan waƙoƙin mutanen nan har gobe, amma a ce wanda ya gaji kalangun ba zai iya taka ƙofar firamare ba? A jami'a abin nazari ne, a firamare abin kunya, ni wannan ne ban gane ba.

Ɗan Jos: Gaisuwa ga kowa. Ni Kirista ne, bari in faɗi yadda yake a wajenmu ko zai yi amfani. Yawancin waɗanda suka iya kiɗa a cikinmu ba a aji suka koya ba, a coci ne, yaro yana ganin 'yan Boys' Brigade da gangunansu da badujala, yana ganin iyaye mata na zumunta da tulunsu da kacau-kacau, yana matsowa yana matsowa har wata rana a ce riƙe min nan. Kusanci ne ke sa sha'awa, ba bayani ba. Kuma ba duka suke zama mawaƙa ba, akwai likitoci akwai injiniyoyi, amma kunnensu ya buɗe kuma sun koyi yin abu tare da mutane, ka jira lokacinka ka shigo, kar ka riga kar ka makara.

Sannan tunda an ambaci Ɗan Maraya, mutumin garinmu, ku tuna kuntiginsa fa gwangwanin kifi ne aka rufe da fata, da ɗan sanda da tsarkiya ɗaya tal. Da shi ya zaga duniya, ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa talaka mai neman na kansa. Wannan abu ne da 'yan aji biyar za su iya haɗawa da hannunsu in an samu wanda zai nuna musu, kuma malamin kimiyya ya samu abin koyar da sauti a kyauta, a ja tsarkiya murya ta hau, a sassauta ta sauka.

Baban Sadiq: Wannan na hada kuntigi ya burgeni gsky. Irin wannan ko ni zan zo in kalla. Matsalata daya ce kar a fara da kalangu a kare da dije, dan haka abinmu yake

Mai Sitidiyo: Slm. Naga kowa na ta gargajiya gargajiya kamar mu na zamani bamu da abin koyarwa. Ku tambayi yaran nan su waye mawakansu, ba zasu ce muku Narambada ba, mu suke ji. In kuna so su saurara sai kun hada da wanda suka sani. Ni aikina hada kida a fiyano da kwamfuta, kuma wlh yawancin kidan da muke dorawa daga kalangu da ganga muka daukoshi, sautin ne kawai aka zuba a na'ura. Ka kawo dattijo da kalangunsa ka kawo ni da fiyano, ya kada in bishi, yara su gani da idonsu cewa abinda suke ji a waya ga kakansa nan a zaune. Sannan su san sana'a ce, akwai mai rubutawa akwai mai kida akwai mai tace murya, mutane na ciyar da gidajensu da ita

Jikan Makaɗa: Mai Sitidiyo na yarda, amma da sharaɗi guda, wanda duk za shi zo shi yi da bakinai da hannunai. Ba a sa filashi a sifika mutum shi riƙe makirfo shina motsa baki ba. In yaro ya ga haka mi ya koya? Ya koyi ƙarya ta nan.

Mai Sitidiyo: Hakane, wannan kam ko a biki yana bani haushi. Wanda bazai iya rerawa ba na'ura ba ya zauna a gida

Hedimasta: Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, bari in sauko da ku ƙasa. Ni makarantar gwamnati nake riƙe da ita. A takarda akwai darasin CCA daga firamare har ƙaramar sakandare, an haɗa zane da kiɗa da wasan kwaikwayo wuri ɗaya, amma wanda ake ba darasin yawanci malamin da ba shi da isassun darussa ne, bai karanci ko ɗaya a ciki ba, sai ya kwafe littafi a allo yara su kwafa. To ta wannan fuskar shawarar Malam za ta taimake mu sosai. Amma ajina ya cika maƙil, rabi a ƙasa suke zaune, alli ma wani lokaci daga aljihuna ne. Makaɗi ba zai zo shi kaɗai ba, da yaransa, kuɗin mota, abinci, sallama. Daga ina? Kuma ba ni da ikon shigo da baƙo in tara yara sai na sanar da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, in wani uba ya kai ƙara ni za a kira ba makaɗin ba. Ba ƙi nake ba, so nake ku gaya min yadda za a yi.

Anti Malama: Ranka ya daɗe ba sai an nemo na nesa ba. Kusan kowace unguwa akwai mai kalangun mahauta, kowane gari mai hakimi akwai sarkin makaɗa ko mai algaita, wasu ma jikokinsu na cikin ajin naka. Mutum biyu sun isa. Waɗanda ke Kano kuma ga Gidan Ɗan Hausa nan inda hukumar tarihi da al'adu take, ga Gidan Makama, a rubuta musu takarda a ji me za su iya yi. Kuɗin kuma a kai maganar gaban ƙungiyar iyaye da malamai, in sun yarda sun yarda, in sun ƙi ka huta da ƙara.

Jikan Makaɗa: Ranka shi daɗe tunda an zo maganar sallama bari in faɗi wadda ta fi damuna, don ita ta sa na tsaya ga wagga muhawara tun safe.

Kar a yi liƙi. Kar a bari makaɗi shi wasa hedimasta ko wani mai kuɗi cikin uwaye don a ba shi. A sa abin da za a ba shi cikin ambulan tun kahin shi fara, kamar yadda za a yi wa likita in ya zo yi wa yara bayanin tsabta. A ba shi kujera, a gabatar da shi da sunanai, a ce yara ga malaminku na yau. Kun san mi ya sa? Cikin ajin nan akwai ɗan makaɗi da ke ɓoye sana'ar gidansu. Ni na yi zama aji ana ce min ɗan maroƙa, in anka tambayi aikin uba sai in ce manomi, alhali da kuɗin kiɗin nan anka saya min littafi da takalmi. Har wajen aure ana hana mu, kowa ya sani, a yi rawa da kiɗinka ranar buki amma ba a ba ka ɗiya. Ƙannena ba wanda ya yarda ya taɓa ganga, kayan kakanmu na nan rataye fata ta bushe. To ranar da yaro ya ga an zaunar da irin ubanai bisa kujera gaban allo, hedimasta na ce mishi malam, abokanai na ɗaga hannu suna tambaya, wallahi abin da za a gyara a zuciyar yaron nan ya fi darasin nisa. In ko za a kawo shi a tsai da shi a rana shina roƙo ana jefa mishi naira hamsin yara na dariya, to don Allah a bar shi gida, an ƙara ɓata abin.

Maman Iman: Allah sarki. Wlh jikina yayi sanyi, Allah ya bamu ikon gyarawa. Ni har yanzu inada tsoro na, amma in za'ayi toh ga nawa sharadin, a sanar damu a rubuce kafin ranar, ba rawa tsakanin maza da mata, kuma malamai su ajiye wayoyinsu kar inga fuskar yata a Facebook. Sannan su yan matan me zai hana a samo musu tsohuwa mace? Mu da muka taso munyi gada a dandali, munsan wakar daka da ta nika da ta reno, kakata tana buga shantu, yanzu Iman ko daya bata sani ba, dandalin ma babu shi saboda rashin tsaro, magariba nayi kowa ya kulle gida. Wannan in za'a kawo ni da kaina zan rakota

Anti Malama: Maman Iman kin kawo wadda ta fi sauƙi ma, gaɗa ba ta buƙatar ko sisi, tafi ne da baki, kuma ina jin ko Ustazu ba zai ce komai ba.

Ustazu: In mata ne a tsakaninsu kuma kalmomin masu tsabta ne ba ni da magana. A kan ganga da kalangu ina nan inda nake, ɗana ba zai zauna ba, amma ba zan hana na wani ba matuƙar an tambayi iyaye. Kuma ina roƙon a duba lokaci kar ya ci sallar azahar.

Hedimasta: To madalla. Zan sa maganar a taron iyaye mai zuwa, in rubuta wa sakataren ilimi. Zan fara da 'yan aji biyar da shida kawai, a cikin aji ba a fili ba, awa ɗaya kafin tashi, wanda ubansa bai yarda ba ya zauna da wani malami a ɗayan ajin. Malamin Hausa ka turo min tambayoyin da kake ganin ya kamata yara su yi. Jikan Makaɗa kai kuma ina buƙatar shawara a kan wanda za a kira, zan bi ka ta akwatin sirri.

Jikan Makaɗa: Ba damuwa ranka shi daɗe. Abu guda dai, kar a sa ranar cikin damina, fata ba ta son laima, murya ba ta fita yadda ya kamata. A bari sai an shiga kaka iska ya bushe, kuma a faɗa wa mutum da wuri don shi samu shi gyara kayanai shi nemo ƙaramin kalangu da yara za su iya riƙewa.